Ranar da Kibiyar Kwamfuta Ta Ƙi Tsayawa

Amatullah ba ta jin tsoron na'ura. A makarantar 'yan mata da take aiki a Madina, duk kwamfutar da ta yi gardama ofishinta ake kawowa, kuma da wuya ta kwana ba ta saki ba. Saboda haka ranar da baƙuwa ta zo gidansu a Bani Harisa da faifan sidi a jaka, ko a jikinta. Ta ɗauka aikin minti kaɗan ne.

Baƙuwar Iyatu ce, 'yar yayar babanta, wadda umra ta kawo daga Damagaram. Ta sha yawo kafin ta gano gidan, sai ga shi ta zo a ranarta ta ƙarshe. Bayan la'asar motar ayarinsu za ta tashi zuwa Bi'ir Ali, su ɗauki harami su wuce Makka.

Baban Amatullah, Abdurra'uf, yana ɗan ƙarami iyayensa suka taso da shi ta hanyar Sudan. Yayarsa Hawa aka bari wurin kaka, da niyyar in an sauke farali a koma. Ba a koma ba. Ya girma a Madina, ya tuƙa bas har ƙarfinsa ya ƙare, ya haifi 'ya'yan da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Muryar Hawa ya sha jin ta, da farko a kaset, daga baya a waya. Fuskarta kuwa, ta yarinta ce kawai a kansa.

"Kawu, ga Inna na kawo maka," in ji Iyatu, tana warware ɗankwalin da ta naɗe faifan a ciki. "Jikanta ne ya ɗauke ta, ita da gidan da kowa da kowa. Ni kuma zan riƙa faɗa maka wane ne wane, don in ba ni ba, ba za ka gane ko mutum ɗaya ba."

Tsohon ya karɓi faifan da hannu biyu, ya juya shi, ya miƙa wa 'yarsa.

Na'urar da ke haɗe da talabijin ta ƙi karanta shi. Amatullah ta gane a take cewa irin na kwamfuta ne, ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar kwamfutarta ta cinya. Ƙaninta Saif ya are ta kwanakin baya ya tafi da ita Khaibar, inda yake kula da gonar dabino, kuma tun da ya dawo da ita ba ta buɗe ta ba. Ta ajiye ta a kan ƙaramin tebur a falo, ta jona caja, ta kunna, ta zura faifan.

Tana ɗora yatsa a wurin shafawa, ɗan filin nan da ke ƙasan maɓallai, sai kibiyar da ke kan allo ta zabura. Ta yi sama, ta faɗo kusurwa, ta tsaya tana karkarwa. Amatullah ta ja ta hagu, ta gudu dama. Kafin ta ankara kibiyar ta buɗe wani abu da kanta, ta rufe wani.

Iyatu ta leƙo ta kan kafaɗarta. Da yake 'yar mace da 'yar namiji ne, taubasai ke nan, tun shigowarta take neman inda za ta taɓa ta.

"Taubashiya, ashe kayan Larabawa ma suna taɓin hankali?"

"Dagiga, Yaya Iyatu," in ji Amatullah. "Minti ɗaya. Ni da ita mun san juna."

Ta fara da abin da ya fi sauƙi. A gidan da ake cin dabino da gahawa tun safe, danƙo ba ya rasa wurin maƙalewa. Ta wanke hannu ta tsane shi sarai, ta ɗan jiƙa gefen ƙyalle ta goge wurin shafawar, ta bi da busasshe. Ta gwada. Kibiyar ta ci gaba da rawarta. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya ta sake kunnawa, nan ma haka. Ta yi tunanin ko faifan ne ya shigo da ƙwayar cuta, don faifan da ya bi hannaye da yawa ba a shaidarsa. Ta fitar da shi, ta sake kunnawa babu shi. Babu abin da ya canza, kuma hakan ya yi mata daɗi, don faifan ya fita daga zargi.

Ta laluba jakar kwamfutar tana neman maus ɗin da take jonawa ta waje. Babu shi, Saif ya bar shi a Khaibar. Ta gwada buɗe bidiyon da maɓallai kaɗai, ya kuwa buɗe. Aka ga wata katangar ƙasa da ƙofar langa-langa, aka ji kukan akuya. Tsohon ya gyara zama. Sai kibiyar ta yi tsalle ta rufe shi.

"La haula," in ji shi a hankali. Ya jingina da bango. "Bar shi, 'yata. In ba a nufa ba, ba a nufa ba. Kada mu ɓata wa baƙuwa yininta."

"Abuya, faifan da ya taso tun daga Damagaram ya iso falon nan, an nufa. Saura ni."

"A kai wa mai gyara mana," in ji Iyatu.

"An kusa kiran azahar. Za su rufe, ba za su buɗe ba sai kin hau mota."

Ta shiga wurin saitin kwamfutar da maɓallai, ta rage saurin kibiyar, ta kashe dannawar da ake yi da ɗan bugun yatsa. Buɗe-buɗen banza ya tsaya, amma karkarwar na nan. Ta zauna ta zuba wa na'urar ido. Ba ta yarda wurin shafawar ya mutu ba. Wanda ya mutu shiru yake yi, wannan kuwa ji yake kamar ana taɓa shi ko da babu mai taɓawa. Wani abu ne ke damunsa daga waje.

Ta miƙa hannu za ta gyara zaman allon, sai bayan hannunta ya gogi ƙarfen da ke gefen kwamfutar. Ta ji wani ɗan tsiii, kamar cizon ƙaramar tururuwa. Ta sake gogawa da gangan, ta sake ji. Sai ta bi wayar caja da ido har ƙasa. Cajar baƙa ce kamar tata, amma da ta ɗaga ta sai ta ji ba nauyi, ga zafi, ga wani siririn kuka da take yi in an kai kunne.

Ta zare ta daga jikin kwamfutar. Kibiyar ta tsaya cak. Ta shafa a hankali, kibiyar ta bi yatsanta kamar ba ita ba. Ta mayar da cajar, rawa ta dawo. Ta sake zarewa, shiru.

"Halas, shi ke nan," in ji ta, tana dariya. "Na kama ɓarawon."

Ta ɗauki waya ta kira Saif, ta sa yadda kowa zai ji. Da Larabci ya amsa, yana ta rantsuwa bai yi wa kwamfutar komai ba. Ta ce masa ina cajarta. Ya ce ya manta ta a ɗakin gona, ya sayi wata a wani shago a bakin hanya, ai duk ɗaya ne, bakin ya shiga daidai.

"Bakin ya shiga, amma wutar da take bayarwa ba ta da tsabta," in ji Amatullah. "Ita ke ruɗa wurin shafawa. Ranar Alhamis ka zo mini da tawa, da maus ɗina."

Iyatu ta kama haɓa. "Yanzu kuran ɗin ma akwai mai dauɗa?"

"Akwai, Yaya. Wutar lantarki ma sai an tace ta."

Sauran matsala ɗaya ce: batir ya kusa ƙarewa. Amatullah ba ta yi wata-wata ba. Ta kashe kwamfutar, ta rufe ta, ta jona mata cajar a kan tayil inda ba abin da zai kama, ta ce a bar ta ta sha wuta yayin da ake salla da cin abinci. In an gama a zare, a kalla da batir. Tsohon ya tafi masallaci ya dawo da sauri fiye da yadda ya saba. An zuba shinkafa buhari irin ta Larabawa, Iyatu ta fito da kilishin da ta zo da shi, amma loma kaɗan ya yi ya tsame hannu. Idonsa na kan 'yar fitilar da ke ƙiftawa a gefen kwamfutar.

Da aka kwashe kwanuka Amatullah ta zare cajar, ta ja labule don haske, ta ɗora kwamfutar a kan matashi gaban babanta. Katangar ƙasa ta sake bayyana, wannan karon ta zauna. Mai ɗaukar ya tura ƙofa ya shiga tsakar gida.

Iyatu ta fara aikinta. Wannan Barau ne, babban ɗan Inna. Waccan mai daka matarsa ce. Wancan dogon da ke ɓuya bayan rumbu Maigandi ne, kunyar hoto yake ji. Tsohon yana gyaɗa kai, yana maimaita kowane suna. Amatullah na tsayar da hoton duk inda aka ce ta tsayar, kibiyar na zuwa daidai inda ta aike ta.

Can sai aka nuno wata tsohuwa a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya, tana kare rana da tafin hannu. Tsohuwar ta tambayi wani a gefe ko an fara, aka ce mata an fara. Ta dubo gaba.

"Audu," ta ce. "An ce za ka gan ni. To, ga ni."

Amatullah ba ta taɓa jin an kira babanta da wannan suna ba. Ta waiwaya ta dube shi.

"Tsayar," ya ce. Kafin ta kai hannu ya riga ta, yana ƙwanƙwasa wurin shafawar da farce. Kibiyar ba ta motsa ba.

"Ba da farce ba, Abuya. Da tsokar yatsa, a hankali." Ta kama yatsansa ta kwantar da shi, ta ja shi har kibiyar ta hau inda ake tsayarwa, ta nuna masa maɓallin da zai danna. Ya danna. Fuskar Hawa ta tsaya, bakinta a ɗan buɗe.

"Goshin Baba ne," ya ce. "Ku duba. Goshin Baba ne sak."

Sun kalli maganarta har ƙarshe, suka maimaita. Da batir ya fara gargaɗi sun riga sun ga kowa, har rijiya da bishiyar da ya ce yana jin ya taɓa faɗowa daga kanta. Amatullah ta kwafe komai cikin kwamfutar, ta rufe ta, ta mayar da ita kan tayil.

Iyatu ta ce wayarta na ɗaukar hoto mai motsi, in Kawu na da saƙo. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da farar jallabiya sabuwa, ya zauna ya miƙe baya. Da farko ya rasa ta inda zai fara. Daga nan ya gaida yayarsa, ya gaida gidan ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ya koya ɗazu. Ya faɗa mata iyayensu duka biyu a Baƙi'a suke kwance, kusa da masallacin Annabi, kuma yana kai musu ziyara. Ya ce innarsu ba ta taɓa cin wani abu mai daɗi ba tare da ta ce ina ma Hawa na nan ba.

Iyatu ta miƙa wa Amatullah wayar, ita ta riƙe har ya gama. A waje mai tasin da aka kira ya yi ham. Iyatu ta soke wayar can cikin jaka, ta durƙusa ta yi wa kawunta sallama, ta ja kunnen taubashiyarta a bakin ƙofa, ta fita da sauri tana gyara mayafi.