Rigar Jitar Habila

Jiya da na kwanta sai mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari da ruwan sama ke tsatsowa daga ƙasa yana hawa sama. Mutanen garin duk sun kifa lemarsu suna tafiya a cikinta, babu wanda abin ya dama. Ni kuma ina rungume da jitar Habila.

Sai na faɗi wane ne Habila. Makaɗi ne a cocinsu, ni kuwa Sallau kafinta, shekara ashirin ina yin gado da kujera. Shi ya kawo mini ƙyauren ɗakin marigayi babansa, na maɗaci, ya ce in fitar masa da jita. Tun yana ƙarami, in ya ji ƙarar ƙyauren nan ya san tsoho ya dawo gida, kuma muryar itacen yake so ya sake ji. Katako ɗaya ne tal, in ya ɓaci babu na biyu.

A mafarkin na riga na gama aikin. Na shafe ta da banish, tana ƙyalli har ƙuda na sauka yana zamewa.

Sai ga ni a Ofishin Sauraron Itace. Wani bunsuru da tabarau yana zaune bayan tebur, yana cin takardata daga gefe.

"Shafin banish nawa ka yi wa jitar?" in ji shi.

"Bakwai, ranka ya daɗe. Kamar gadon amarya."

"Kwana za a yi a kanta?"

Ya sa kofato ya ja tsirkiya. Na ga tsirkiyar tana rawa, amma ko motsin sauro ban ji ba. Wata akuya da ke buga hatimi a gefe ta girgiza kai ta ce, "Ka sa wa baiwar Allah riga bakwai, sannan ka ce ta yi waƙa."

Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina a kan rufin wata motar haya da fasinjoji ke ɗauke da ita a ka. Habila na zaune kusa da ni yana ɓare gyaɗa, yana cin ɓawon yana zubar da ƙwayar.

"Malam Sallau, Baba na sallama," ya ce, ya nuna jitar da haɓa.

Na duba. Can ƙarƙashin ƙyallin ga tsohon nan tsaye da hularsa, ɗan mitsitsi, kamar wanda aka rufe a kwalba. Yana ƙwanƙwasawa, bakinsa na motsi, ba a jin komai. Habila bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kunnensa kawai ya kara a jikin itacen yana jira, ni kuwa kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Na zaro samfefa, takardar goge katako, na hau gurza don in cire banish ɗin. A garin nan kuwa duk gurza ɗaya shafi ɗaya take ƙarawa. Takwas, tara, goma, tsohon yana ta nisa. Bunsurun ya wuce a kan keke ya ce, "Ci gaba, saura kaɗan ta zama tebur."

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni.

Ko takalmi ban sa ba na yi shago. Jitar na rataye inda na bar ta, tsirara, ja kamar yadda Allah ya yi maɗaci. Gwangwanin banish na ƙasa, ko buɗe shi ba a yi ba. Sai a lokacin na tuna: jiya da yamma na so shafawa na rasa buroshi, ashe matata Uwani ce ta ɗauka ta share kurfotin gawayi da shi, har na yi ta faɗa na kwanta ban ci tuwo ba.

Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa cikin jitar. Ta amsa, da murya mai kauri irin ta dattijo. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗauko tsumma da ɗan mai kaɗan, wanda itace zai sha ya ci gaba da numfashi.

Uwani ta leƙo da buroshin a hannu, baƙi ƙirin, fuskarta a ɗaure.

"Ga kayanka."

"Riƙe shi," na ce. "Akwai sauran tuwon jiya?"