Jiniyar Malam Sadisu

Mu direbobin motar asibiti muna da wata al'ada da ba a koya wa kowa a makaranta. Idan marar lafiya ya cika a hanya, nas ba ta cewa komai, sai ta ƙwanƙwasa gilashin da ke bayana sau biyu, ni kuma in kashe jiniya in rage gudu. Doka ta ce likita kaɗai ke da ikon cewa mutum ya mutu. Mu namu ɗauka da kaiwa ne, ko da gawar ta sandare a hannunmu.

Wata rana muka ɗauko Malam Sadisu, wani tela, daga wani ƙaramin asibiti a Arawa za mu kai shi babban asibiti. Zuciya ce ta matsa masa. Matarsa Ruƙayyatu na zaune a gefensa da takalmansa a cinya, Sista Jummy na riƙe da robar numfashi. Ina jin Jummy tana danna masa ƙirji har motar na girgiza, can sai na ji shiru. Sai ƙwanƙwasa biyu. Na kashe jiniya.

Ruƙayyatu ba yarinya ba ce. Ta ce, "Sista, ya cika ko?"

Jummy ta ce, "Mama, likita ne zai duba ya faɗa."

"Ni na ga ya cika. Direba, ka juya da mu Tudun Wada. Maigidana ya roƙe ni, ya ce ko me zai faru kada in bari a sa shi a firijin ajiye gawa. Mu kai shi gida a yi masa sutura kafin la'asar."

Mahaɗar Tudun Wada na gabanmu. Wallahi hannuna har ya kai kan sigina, don ni ma ba na ƙaunar wannan ɗakin sanyin. Jummy ta leƙo ta ce, "Malam Iro, kar ka soma. Ba ni da na'urar da zan tabbatar. In akwai sauran rai fa, muka kai shi aka wanke?" Na ji haushinta, na kuma san gaskiya ta faɗa, abin da ya ƙara min haushin ke nan. Na wuce mahaɗar.

Ruƙayyatu ta buga gilashin da tafin hannu. "To in bai mutu ba, me ya sa ka kashe jiniyar? Kunna. Ku yi gudu da shi kamar mai rai."

Na kunna, na taka mota. 'Yan keke napep suna ta darewa, wani mai rake har ya ɗaga hannu yana yi mana addu'ar Allah ya ba shi lafiya. Ban taɓa jin kunyar wannan ƙarar ba sai ranar.

A ƙofar ɗakin gaggawa wani matashin likita ya shigo motar, ya haska idanun Malam Sadisu, ya saurari ƙirjinsa, ya faɗi abin da duk muka sani. Sai ya ƙara da cewa tunda a hanya ya rasu, ba a hannunsa ba, ba zai saki gawa ba sai an ji daga asibitin da ya turo shi. Zuwa lokacin, ɗakin ajiye gawa za a kai shi. Ya ba matar haƙuri, kuma da gaske yake.

Ruƙayyatu ba ta yi masa musu ba, ni ma ba ta kalle ni ba, da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Da masu gadon tura gawa suka zo, ta tsayar da su, ta cire mayafinta ta lulluɓe mijinta, ta cusa gefen a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ta ce da su, "Don Allah kada ku cire masa. Ba ya jure sanyi."