Bencin Baya Ya Ɓalle

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye ni a ajina na firamare, aji huɗu, sai dai a can alli ne ke goge allo, tsumma ke rubutu. Mai duba makarantu ya zo, wani talotalo ne da tabarau. Ya ce, "Malam Tanimu, yau za ka koya musu abin da ke sa ƙasashe neman 'yancin kai. In ba su gane ba, za a mayar da kai rafi ka koyar da kifaye."

Ban iya ruwa ba, don haka na dage. Na ce, "Yara, ƙasa takan gaji da wani daga nesa yana yanke mata abin da za ta shuka da lokacin da za ta yi magana."

Kyauta, uwar surutun ajin, ta ɗaga hannu daga baya. "Malam, kamar yadda kake yi mana?"

"Wannan daban ne."

"To, mu dai mun gane."

Nan take bencin baya ya ɓalle daga ajin. Suka ɗaura ɗankwalin Kyauta a tsintsiya ya zama tuta. Na je karɓar aikin gida, Mati, abokin zaman Kyauta a benci, ya tare ni a bakin iyaka, ya ce ba a shiga ƙasarsu da makami. Ya ƙwace bulalata.

Sai ga mu a kan rufin makaranta ana zaman sulhu. Ina cikin rarrashinsu hannuna na hagu ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ni ma tafiya zan yi. Tun da aka haife mu hannun dama ke cin tuwo, dama ke gaisawa da mutane. Ni kuwa kowa ya san aikin da ake ba ni."

Yara suka kwashe da dariya. Na ce, "Haba, ai ina kula da kai. Har agogo na ɗaura maka."

"Ka tambaye ni ko ina son agogo?"

Talotalo ya gyara tabarau ya ce, "Yanzu kam sun gane. Amma hannun ne ya koyar, shi za a ƙara wa girma."

Aka naɗa shi hedimasta. Bai ko zauna ba ya aiko a kira ni ofis. Ina bakin ƙofa ina sallama, injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi. Na farka na tarar ashe a kan hannun hagu na kwana. Na ce ya motsa, ya ƙi.