Akwatin da ke Ƙarƙashin Matakalar Kotu

Hoyt, mai kula da ginin kotunmu, ya ja min kunne tun da wuri cewa ruwa na kwanciya a ƙarƙashin matakala, kada in ɗora buri a kan akwatin nan. Ban ji ba.

Kotun tana tsakiyar dandali, kowace hanya ta garinmu a nan take ƙarewa. Kakana ya ɗauki bulo a ka lokacin da aka sake gina ta bayan gobara. Ranar da ta cika shekara ɗari, aka sa 'yan makaranta kowa ya rubuta wa kansa wasiƙa, aka rufe a akwatin ƙarfe, aka binne sai bayan shekara ashirin da biyar. A lokacin 'yata Darla tana da shekara tara. Na roƙe ta in gani, ta ɓoye takardar a bayanta tana dariya.

A ginin nan kuma na sa hannu na sayar da gonar mahaifiyarta, wata huɗu da rasuwarta, ban gaya wa Darla ba. Ta koma jihar Ohio da zama. Shekara bakwai ke nan ban ji muryarta ba.

Da aka sa ranar tono akwatin, na rubuta mata cewa wasiƙarta na jiranta. Amsa ta zo a layi ɗaya: za ta duba.

Ran Asabar na sa rigar coci. Hoyt ya kalle ni sama da ƙasa.

"Orval, aure za ka ƙara ne, tsoho?"

"Kai dai tona, ka bar surutu."

Da aka fasa murfin, sai wari. Takardun sun narke sun dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Malama Wanita, magatakardar kotu, ta yi ta ba mutane haƙuri. Wasu ma dariya suka yi. Ni kuwa ina ta leƙen fuskoki, ina tunanin abin da zan ce wa Darla tunda abin da na kira ta dominsa ya ruɓe.

Wata farar mota mai lambar Ohio ta zagaya dandalin a hankali, sau biyu. Rana na dukan gilashin, ban ga direban ba. Na ɗaga hannu. Motar ta bi hanyar arewa.

Hoyt ya ce masu lambar Ohio suna wucewa kullum.

Yanzu duk Asabar ina zama a bencin da ke fuskantar matakalar. Ban san ko ita ce a motar ba, kuma ban san abin da ta rubuta ba.