Shayin Alhaji Tukur

Rabo bai nemi ƙwaya ba, ɗura masa aka yi, abin da ke ci masa rai ke nan. Kaka uku yana girbin dawa a gonar Alhaji Tukur a Makera. Kullum da hantsi Alhaji zai iso da ƙaton filas na shayi, baki har kunne, yana cewa, "A ƙara maka, ɗan albarka?" Ashe a-ji-garau yake dakawa ya zuba ciki, don 'yan ƙwadago su yi masa aikin kwana uku a yini ɗaya. Tir da wannan hali.

Kafin Rabo ya farga ya zama bawan ƙwaya. Ya rame kamar kara, matarsa Batula ta tattara kayanta ta koma gidansu a Birchi. Da ya cije ya daina sha kuma, sai duniya ta yi masa lami. Tuwo ba daɗi, hira ba daɗi, dariya ma ta ƙi zuwa. Abu ɗaya ya rage masa mai ɗanɗano, ya ga bayan Alhaji. Har adda ya wasa.

Simeon, wani ma'aikacin lafiya maƙwabcinsa a Dutsin-Ma, shi ya zaunar da shi. Ya ce, "Malam Rabo, akwai sinadarin da ke sa mutum jin daɗi a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar nan tatse shi take yi, kamar a tatsi saniya har ta ƙafe. Gudu kuwa yana sa ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, har ƙwaƙwalwar ta farfaɗo. Amma fa ba yau ba, ba gobe ba."

"Gudu? Da girmana, ba abin da ya koro ni?"

"Ai akwai abin da ya koro ka."

Ranar farko da ya kama hanyar Kurfi a guje bayan sallar asuba, masu zuwa gona suka watsar da fartanyu suka faɗa jeji, sun ɗauka ɓarayin daji ne suka biyo shi. Ya sha zagi, ya sha dariya. Bai fasa ba, don duk taku ɗaya ji yake fuskar Alhaji yake takawa. A wata na huɗu, ran nan ya dawo jiƙe da gumi, ya sayi ƙosai, ya kai baki, sai ya ji daɗinsa. Ya tsaya gefen titi yana hawaye.

Daga nan ya mayar da addar ƙarƙashin gado, don ya sami abin da ya fi ta kaifi. Ya bi abokan aikinsa gida-gida, ya faɗa musu abin da ke cikin filas ɗin, ya ja waɗanda suka yarda zuwa gudun safe. Kada a yi masa ƙarya, ba don lada ya yi ba, don ya ga bayan Alhaji ya yi. Kafin kaka ta zagayo, daga Makera har Kutawa babu mai taka gonar nan ko an ninka masa lada.

Dawa ta nuna ta gaji, tsuntsaye na shagali. Wata safiya Rabo ya karkata gudunsa ta bakin gonar. Ga Alhaji shi kaɗai da magirbi, ido jawur, muƙamuƙi na ta tauna iska. Ga filas a gindin marke. Rabo ya san wannan taunar, ta ƙwaya ce, ya yi ta shekara uku.

Ƙamshin shayin ya bugi Rabo. Kwaɗayin ƙwayar bai mutu ba, kwance yake. Ya durƙusa ya tsiyaya kofi ya cika taf, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe.

"A ƙara maka, Alhaji?"

Alhaji Tukur ya dube shi, ya gane shi sarai. Ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Rabo ya juya ya ci gaba da gudunsa.