Rashawa a Makarantar Karaye

A shekarar da Malam Lukumanu ya gama kwalejin horon malamai ya karɓi takardar shaidarsa, aka tura shi makarantar elemantare ta Karaye, a lokacin Turawa ba su riga sun tafi ba. Saurayi ne mai tsantseni, irin wanda yakan karanta wasiƙa sau uku kafin ya liƙe ambulan, kuma bayan ya liƙe zuciyarsa ba ta kwanciya. Da zuwansa aka danƙa masa akwatin littattafan da wani ɗakin karatu na Kano ya ba makarantar aro. A can ƙasan akwatin ya tarar da littattafai biyu na labaran ƙasar Rasha, waɗanda aka juya zuwa Turanci.

Ya fara karantawa ne don ya san abin da ke cikin amanar da aka ba shi, amma labaran suka kama shi. Manoma ne a ciki, da masu shaguna, da tsofaffin mata masu faɗa, kuma in ban da sanyin ƙasarsu babu abin da ya raba su da mutanen da yake gaisawa da su kowace safiya. Ɗaya daga cikin labaran ya fi tsaya masa a rai: maƙwabta biyu ne suka shekara ba sa ga maciji saboda wani itace da ya tsiro a kan iyakar gonakinsu. Ya zauna ya juya shi zuwa Hausa, ya raba maganganun baki baki yadda yara za su iya yin wasan kwaikwayonsa. Daga nan ya je wurin hedimasta, Malam Sulle, ya nemi izinin kafa ƙungiyar yara ta karatu da wasan kwaikwayo.

Malam Sulle dattijo ne da ba ya gaggawar amsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ban hana ba, amma da sharaɗi. Ka kawo mini sunayen yara goma sha biyu, kowane da yardar mahaifinsa, kafin Juma'ar makon jibi ta wuce. In ba su cika ba, littattafan nan su bi akwatin su koma Kano ran Asabar, don akwai makarantun da ke jira."

"Na gode, ranka ya daɗe. In sha Allahu za su cika."

Kwana biyu ya yi yana tsara dokoki. Ba a ɗaukar yaro sai ya kai munzalin da zai ɗora hannu ta saman kansa ya taɓa kunnensa na ɗaya gefen, tun da yawancin iyaye ba su riƙe shekarun haihuwa ba. Uba ko waliyyi shi zai zo da kansa ya faɗi yardarsa. Wanda ya yi fashi sau uku ba dalili ya fita. Ba a yi wa mai in'ina dariya. Ana tashi kafin la'asar, don 'yan mata su isa gida da rana. Ba a karɓar komai daga hannun kowa. Ya kwafe takardar sau biyu da hannu mai kyau, ya ja layi da rula, kuma don kan maganar ya fito sarai ya rubuta shi da manyan baƙaƙe: ƘUNGIYAR KOYA WA YARA LABARAN RASHAWA DA WASANNINSU. Ya manna ɗaya a ƙofar makaranta. Ɗayar kuwa ya aika da ita Rogo, saboda da yawa daga cikin ɗaliban 'yan Rogo ne da Zoza, suna zaune a Karaye wurin dangi.

Ya sayi sabon littafin rubutu don sunaye, ya zauna jira. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, mako ya cika, shafin farko yana nan fari. Yaran da suka yi ta murna ran da ya faɗa musu a aji yanzu sai su sunkuyar da kai in ya tambaya, su ce ba a bar su ba. A gari ma ya lura gaisuwa ta gajarce. Wanda a da zai tambaye shi gajiya da aiki da labarin gida, yanzu daga "lafiya lau" sai ya juya. Ran nan ya kai rigarsa gyara wurin Liti tela, sai Liti ya dube shi ta saman keken ɗinki yana murmushi.

"Malam, mu da muka tsufa ba a ɗauka? Mu ma fa muna so mu iya, ko ma daina shan wahala."

Masu zama a rumfar suka yi dariya. Malam Lukumanu ya yi bayani da natsuwa cewa ƙungiyar ta yara ce, amma in manya suna so za a duba. Dariyar ta ƙaru. Ya koma gida ya ɗauko kwafin dokokin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya yi laifi, bai gani ba.

Ran Talatar mako na biyu, bayan an tashi yara, yana goge allo sai ya ji sallama. Wani manomi ne dogo, ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya riƙe gaban rigarsa da hannu biyu kamar mai ciwon ciki. A bayansa Rekiya ce, 'yar aji uku, wadda ta fi kowa iya karatu a bayyane. Suka gaisa a tsanake, aka tambayi hanya da iyali da yadda gyaɗa ta yi bana. Mutumin ya ce shi ne Dogara na Zoza, mahaifin yarinyar. Ya ce da ita ta jira a waje, ya leƙa ta taga, sannan ya zaro zabi biyu daga cikin riga, an ɗaure musu ƙafafu, ya ajiye a ƙarƙashin tebur.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da ya samu," ya faɗa murya ƙasa ƙasa. "Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin irin wannan ba. Yarinyar ce ta ƙi cin abinci a gidan gwaggonta, ta ce ita sai ta shiga."

"Baba Dogara, waɗannan na mene ne?"

"To, ai an ce ba a shiga sai da shi."

"Da me?"

Dogara ya share gumi. "Kada ka sa in faɗa da bakina, Malam. Ilu mai shela ya zaga kasuwar Rogo da shi. Ya ce sabon malami zai koya wa yara rashawa da yadda ake wasa da ita. Na ce wanda zai koyar da abu ai ba zai ƙi karɓarsa ba."

Malam Lukumanu ya nemi benci ya zauna. Ya ga takardarsa a idon zuci, da manyan baƙaƙen da ya ɓata lokaci yana daidaitawa. A baki kalmomin biyu ba sa haɗuwa, domin sunan mutanen Rasha jansa ake yi, na cin hanci kuwa a gajarce yake fita. Amma boko ba ya nuna ja. Abu guda da zai raba su a takarda shi ne babban baƙi a farkon suna, shi kuma da hannunsa ya mai da dukan baƙaƙen manya.

"Wa ya karanta wa Ilu takardar?"

"Lado dillali. Shi ne ya yi ajin yaƙi da jahilci."

"Ya karanta dokokin da ke ƙasa?"

"Ya ce na saman ya isa."

Malam Lukumanu ya ɗauki alli ya rubuta kalmar sau biyu a allo, ko da yake ya san baƙon ba ya karatu, ya furta kowace a hankali. Ya ce Rasha ƙasa ce, mutanenta su ne Rashawa, kamar yadda ake cewa Kano da Kanawa. Dogara ya maimaita su biyun a bakinsa, ya sake maimaitawa, sannan ya dubi zabin ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa, har Malam Lukumanu ya tsorata, kafin ya gane dariya yake yi.

"Tun daga Zoza nake istigfari," in ji shi. "Kowane taku."

Aka kira Rekiya, ta taɓa kunne ba wahala, uban ya faɗi yardarsa, sunanta ya zama na farko. Dogara ya mai da zabinsa cikin riga, ya ce gobe kasuwar Rogo, in Malam zai zo shi zai tsaya masa.

Washegari Malam Lukumanu ya nemi izini ya hau kekensa da sabuwar takarda a aljihu. A hanya ya shirya jawabi mai sassa uku, amma bai samu yin ko ɗaya ba. Ya tarar Dogara ya riga ya tara mutane a rumfar masu goro, yana ba da labarin kansa, yana nuna yadda ya yi tafiya da zabi a ciki suna tsattsagarsa. Lado dillali yana gefe ya haɗe rai.

"Ni abin da aka rubuta na karanta," in ji Lado. "A kawo takardar a gani in ƙarya na yi."

"Ba ka yi ƙarya ba, Malam Lado," in ji Malam Lukumanu. "Laifin rubutuna ne. Ga shi na gyara, ka karanta mana."

Lado ya karɓa, ya gyara murya, ya bi da yatsa: labaran mutanen ƙasar Rasha. Wannan karon ya sauka har kan dokokin, kuma da ya zo ta ƙarshe, wadda ta ce ba a karɓar komai, jama'a suka juya suka dubi Dogara.

Wani tsoho mai sai da igiya ya tambaya, "Ita Rashan, gaba take da Makka?"

"Arewa take, Baba, da nisa ƙwarai. Ruwan kogi yakan daskare har a taka."

"To me yaranmu za su yi da labarin mutanen da koginsu ke daskarewa?"

Malam Lukumanu bai shirya wa wannan tambayar ba, don haka ya ba su labarin maƙwabtan nan biyu da itacen kan iyaka, a taƙaice. Bai kai ƙarshe ba tsohon ya katse shi. "Wannan ai Bappa ne da Hamma na Zoza, a kan ɗorawar nan. Wa ya kai musu labarin har can?"

Kafin azahar iyaye huɗu sun faɗi yardarsu a wurin. Ran Alhamis labari ya riga shi isa Karaye, waɗansu suka zo makaranta da kansu, ciki har da Liti tela da ɗan ƙanensa. Da safiyar Juma'a sunaye goma sha ɗaya ne a littafin.

Wajen hantsi wata tsohuwa, Sakinatu, ta shigo da jikarta Hajo, 'yar aji ɗaya, wadda mahaifinta ya rasu, ita ke riƙonta. Malam Lukumanu ya ji sanyi a ransa, ya ce yarinyar ta ɗora hannu. Hajo ta miƙa, ta karkata kai, ta cije leɓe, yatsun suka tsaya kaɗan sama da kunnen.

"Saura ƙiris, ɗan nan," in ji Sakinatu. "Ka kau da kai mana. Wa zai sani?"

Ya dubi layi na goma sha biyu. Babu kowa a ajin sai su uku. Amma mako guda garin nan ya yi yana ɗaukarsa malamin rashawa, kuma ya san in ya kau da kai yau ba zai ƙara iya karanta dokokin nan a gaban yara ba.

"Iya, ki yi haƙuri. Baɗi in Allah ya kai mu ita ce ta farko. Kafin nan ta riƙa zuwa kallo."

Tsohuwar ta yi ƙwafa ta ja jikarta suka fita.

Bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki littafin sunayen da littattafan nan biyu ya nufi ofishin hedimasta. Ya ajiye su a kan tebur, ya ce goma sha ɗaya ya samu, ga littattafan a mai da su akwati. Malam Sulle ya sa tabarau ya bi sunayen ɗaya ɗaya.

"Sakinatu ta biyo ta nan," in ji shi. "Ta ce kai yaro ne mai taurin kai."

"Hannun bai kai ba, ranka ya daɗe."

"Haka ta ce." Ya cire tabarau ya ajiye. "Ɗana Maman tun ran farko yake so ya shiga. Uwarsa ta ji maganar a gidan suna, ta ce ɗanta ba zai koyi rashawa ba. Ni na san me ka rubuta, na karanta a ƙofa. Amma ban san ka ba tukuna, kuma mutum yakan rubuta abu ɗaya ya aikata wani. Shi ya sa na yi shiru."

Malam Sulle ya miƙo masa littafin sunayen.

"Dokarka ta ce uba ya faɗi yardarsa da bakinsa, ko ba haka ba? To, na yarda. Rubuta shi."

Malam Lukumanu ya buɗe littafin ya rubuta sunan a hankali, ya sake karantawa don kada a sami kuskure. Malam Sulle ya tura masa littattafan biyu.

"Yaushe za ku fara?"

"Litinin, bayan an tashi."

"Ka sa a share aji na huɗu, ya fi faɗi."