Rairayin Yaya Tokuji

Ana tsakiyar zafi, lokacin da ba ka samun wurin sa ƙafa a bakin tekun garinmu Shirahama saboda laimomi da baƙi, Harue ta bugo mini waya daga Osaka. Harue matar yayana Tokuji ce. Ta ce jikinsa ya yi tsanani, ciwon sukari ya riga ya tafi da idanunsa, likita kuma ya ce sai dai a yi ta lallaɓawa. Abu ɗaya yake ta nanatawa, a kawo masa rairayin bakin tekun garinmu ya taɓa.

Na ce, "Rairayi? Mutumin da ya shekara arba'in bai tako garin ba?"

"Ni dai na isar da saƙo, Sumie. Ki yi sauri."

Abin da ya fitar da Yaya daga gida ba ɓoyayye ba ne. Baba ya sayar wa masu ginin otal rumfar da yake ajiye jirgin kamun kifinsa, Yaya kuwa ba shi da buri a duniya sai gadon jirgin nan. Suka yi ta cacar baki a gaban abinci. Yaya ya ce ba zai sake taka garin ba, Baba ya ce ƙofa a buɗe take. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan iri ɗaya ne. Daga nan zuwa Osaka, in ka shiga jirgin ƙasa da safe, da kai za a ci abincin rana, amma ko jana'izar Baba bai zo ba. Inna ce ta riƙa bin sa can har ƙafafunta suka gaza.

Ni aka bar wa gidan, na mayar da shi ɗan masauki. Rairayi kuwa ba ni da abokin gaba kamarsa. Kullum ina share shi daga tabarmi, ina zaƙulo shi daga magudanar wanka, gobe baƙi su sake kwaso mini a ƙafa. Na ɗauki gwangwanin shayi na gangara bakin ruwa, na cika shi a tsakanin wasu 'yan mata biyu masu ɗaukar hoto, na hau jirgi.

Na tarar da Yaya a gadon asibiti ya rame har ya ba ni tsoro, amma bakin yana nan.

"Wace ce wannan mai jan ƙafa kamar Inna?"

"Wadda ka bar wa wankin kwanoni ce shekara arba'in."

Na sa masa gwangwanin a hannu. Ya tsoma yatsu, ya murza, ya sake murzawa, sannan ya ture shi.

"Wannan ba namu ba ne."

"Haba Yaya, da hannuna na ɗebo shi yau da safe."

"Namu laushi gare shi kamar garin shinkafa. Makaho kika samu, ba wawa ba."

Gaskiyarsa. Kowa a garin ya sani, ni dai na ɗauka ba zai gane ba. Tun da aka jera otal-otal a gaɓar, teku ta riƙa janye rairayin, har hukuma ta sa aka yi ta kawo wani a jiragen ruwa daga Ostireliya ana zubawa. Fari ne tas, baƙi suna yaba shi, mu kuma muna karɓar yabon. Na faɗa masa haka. Don in ba shi dariya na ƙara da cewa ai kakanninmu ma sun yi ta sayar wa masu yin gilashi na Osaka namun, wataƙila akwai shi a tagar da ke bayansa.

Bai yi dariya ba. Ya juya fuska bango ya ce, "Ashe har rairayin bai tsira ba."

Maganar nan ta sosa mini rai, da ita na komo gida.

Na fara nema. Na je wurin tsoho Kumazo mai hayar laimomi, wanda ya yi tsiraici tare da Yaya a bakin ruwan nan suna yara.

Ya ce, "Na da? Yana nan mana. Ki je ki ce wa mai otal ɗin can ya ɗan ɗaga miki gininsa ki ɗeba."

"Baba Kumazo, mutum ne yake mutuwa."

Sai ya ce in gwada lungun da ke bayan duwatsu. Na je, baƙar tsakuwa ce kawai. Na leƙa ƙarƙashin gidanmu, siminti ne, ni na sa aka zuba da kaina. Harue ta sake bugowa ta ce ya daina cin abinci.

Kashegari da safe na durƙusa gaban hotunan Baba da Inna zan kunna musu turaren tsinke kamar yadda muke yi wa mamatanmu kullum. Na soka tsinken a kaskon, ya wuce tokar sama ya tsaya a wani abu mai ɗan ƙarfi. Nan na tuna. Inna ba ta taɓa sayen tokar kaskon turare ba, ta ce ba ta ga dalili ba ga teku a ƙofar gida. Lokacin da kakanmu ya rasu, sai ta aiki Yaya da kwano ya ɗebo rairayi, ta tankaɗe ta zuba. Ni kuwa tun da na gaji kaskon, tokar sama kawai nake kwashewa.

Na ɗauko cokali da niyyar in ɗiba a gwangwani in kai masa, ba sai ya san daga ina ya fito ba. Sai haushi ya kama ni. Shekara nawa ina kunna turaren nan, nawa da nasa, yanzu kuma in yi wa Baba sata a gaban idonsa don kada ran Yaya ya ɓaci? Na ajiye cokalin, na naɗe kaskon gaba ɗaya a ƙyalle. Na ce wa hoton, "Baba, ka yi haƙuri, yau kaskonka zai je ganin gari."

A asibiti na ɗora masa shi a cinya ban ce komai ba. Yatsunsa suka ratsa toka da guntayen tsinke, suka kai ƙasa. Ya daɗe yana murzawa.

"Shi ne," ya ce.

Daga nan hannunsa ya bi bakin kaskon har ya iske inda ya ɓantare. Shi ya ɓantare shi yana yaro, ya kuma sha duka a kai.

"Kaskon gida ne."

"Shi ne."

"Gaban wa yake yanzu?"

"Ka sani, Yaya. Inna da Baba."

Na zaci zai ture shi kamar gwangwanin. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Kin zo da turare?"

"Na zo da shi mana. Ai ni ma 'yar Baba ce."

Harue ta ce, "Ba a kunna wuta a nan fa."

"Wa ya ce miki zan kunna?"

Na miƙa masa tsinke ɗaya. Sau biyu yana kuskure, a na uku ya soka shi ya tsaya a miƙe.

"Ki mayar masa da shi haka, ki kunna a can. Ki ce Tokuji ne. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai, na san halinki."

A buɗe na riƙo kaskon a cinyata har gida, ina kare tsinken da tafin hannu a jirgi daga jakunkunan masu zuwa wankan teku. Harue ta bugo ina cire takalmi a ƙofa. Ta ce Yaya ya cika, na ce mata zan kira ta anjima.

Na mayar da kaskon wurinsa, na ƙyasta ashana.

"Baba," na ce, "Tokuji ne."

Ban ƙara komai ba.